Madubin hangen nesa na haɗin gida: yadda ake yinsa da tsofaffin kayan kamara a Bauchi

Madubin hangen nesa na dijital na'ura ce mai tattara hasken abin da ke nesa, kamar wata ko taurari, ta sauke shi a kan ɗan allon ɗaukar hoto, sai a gani a fuskar kwamfuta maimakon a kafa ido. Asalin na'urar daga ƙasar Holan ne a 1608, kafin Galileo ya haɗa tasa a Italiya a 1609, ya kuma hango watanni huɗu na duniyar Jupiter a 1610. Gilashin tsohuwar kamarar da mai hoto ya jingine tun da waya ta kashe masa kasuwa ya fi na Galileo kyau nesa ba kusa ba.

Abu biyu ne ginshiƙi. Na farko dogon gilashin kamara, wanda aka rubuta 200mm ko 300mm a jikinsa. A Bauchi, sai a fara tambayar tsofaffin masu shagon hoto da masu gyaran waya a kewayen Wunti. Ɗan'uwa da ke Legas kuwa ya leƙa Alaba ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Amma a haska tocila a cikin gilashin kafin a biya. Danshin kudu yana sa wani fumfuna mai kama da saƙar gizo ya tsiro a ciki, kuma in ya ci gilashin, to babu magani. Na biyu ƙaramar kamarar kwamfuta mai igiyar USB. Ana kwance ɗan gilashinta a ajiye, a bar allon ɗaukar hoton a buɗe. Masu sha'awar taurari a Turai sun yi wannan dabara da kamarar Philips ToUcam tun farkon shekarun 2000.

Inda aikin yake shi ne tazara. Kowane gilashi yana da nisan da yake tara haske a bayansa: milimita 44 ga Canon EF, 46.5 ga Nikon F, kusan 45.5 ga tsofaffin masu zare na M42. Sai a yanko bututun roba na famfo, a shafa masa baƙin fenti a ciki, a ɗaure allon a wannan nisa. Kuskuren milimita biyu kaɗai kan hana hoton fita. Gara a gwada da rana tsaka a kan wani dutse ko ƙarfen sabis mai nisa, a tabbatar, kafin a sa gam.

Girman wata a kan allon kuwa lissafi ne mai sauƙi: a raba tsawon gilashin da 110. Na 300mm zai ba da wata mai faɗin milimita 2.7, wanda ya kusa cika allon ƙaramar kamara, har ramukansa su fito sarai. Sai dai duniya tana juyawa digiri 15 a awa, don haka watan kan matsa da gwargwadon faɗinsa cikin minti biyu. Dole a sami ƙafa mai ƙarfi. Mai walda zai iya haɗa ta. Ana ɗaukar bidiyo da manhajar SharpCap, a tace hotuna masu kyau a haɗe su da RegiStax, Stellarium kuma ta nuna inda za a duba.

Bauchi tana da tudu, kusan mita 600 sama da teku, amma hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana rufe sama, ƙurar kuma tana maƙalewa a allon da aka buɗe. Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, musamman in aka fita bayan gari wajen hanyar Gubi, inda hasken fitilu ya yi ƙasa.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ta jinjirin wata. E, na'urar tana taimakawa wajen gano shi bayan faɗuwar rana, amma in tazararsa da rana ba ta kai digiri 7 ba, ido ba ya ganinsa, kuma irin wannan haɗin gida ba zai tsamo shi ba. Hoton kwamfuta ma ba sanarwa ba ne. Wanda ya gani ya kai wa hakimi ko sarkin yankinsa, a miƙa wa kwamitin ganin wata, Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ne ke sanar da fara azumi ko sallah.

Kada a kuskura a juya gilashin wajen rana kafin ta faɗi gaba ɗaya. Zai ƙona allon nan take, in kuwa yaro ya leƙa ta bayansa, zai iya rasa idon har abada.