Hanyoyin Binciken Aikin Ƙwayoyin Halittar Hanji

Ƙwayoyin halittar da Allah Ya zaunar a hanjin ɗan Adam, waɗanda ido ba ya riskar su, masana kan gano aikinsu ta hanyoyi uku: rainon su a faranti inda aka cire iskar oksijin, karanta DNA ɗinsu domin sanin nau'insu da abin da za su iya, da auna sinadaran da suke bari a bayan gida, wanda shi ne hujjar abin da suke aikatawa a haƙiƙa.

A 2018 Funmilola Ayeni ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya kwatanta manoman Bassa na yankin Abuja da mazauna birane ta hanyoyi biyun ƙarshe, inda suka iske ƙwayoyin da ke narkar da dusar hatsi da jijiyoyin ganye sun fi yawa a hanjin manoman.