Masaukin Baƙo da Muhallin Talaka a Tarihin Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta tashoshin mota da bakin kasuwannin Kano bayan sallar isha'i zai tarar da mutane kwance a rumfuna da barandar shaguna, wasu a ƙarƙashin gada, kowa ya yi matashi da takalminsa. Akwai 'yan ci-rani a cikinsu, akwai almajirai, akwai waɗanda rikici ko ambaliya suka raba da garuruwansu. Dattawa kan ce a da ba haka abin yake ba, domin baƙo ba ya kwana a waje a birnin Dabo. Wannan magana tana da tushe, amma tana buƙatar a bi ta da tarihi, a ga irin tanadin da magabata suka yi, da dalilin da ya sa ya yi aiki, da kuma abin da ya raunana shi.

Birnin da baƙi suka cika

Kano gari ne da ya girma da baƙi tun asali. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, sarakunan da suka biyo baya kuma suka riƙa faɗaɗa ta. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka kafa Kasuwar Kurmi, aka gina gidan sarautar da ake ciki har yau. Ganuwar ta kewaye fili mai yawa wanda ya wuce buƙatar mazauna, har da gonaki da makiyaya a ciki. Saboda haka idan wata jama'a ta zo da niyyar zama, akwai inda za a nuna mata.

Sunayen unguwanni shaida ne a kan haka. Akwai Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Ayagi inda Yarabawa suka zauna, da Dandalin Turawa na Larabawan Arewacin Afirka, da Sharifai da ake dangantawa da zuriyar Shehu Maghili. Masana na ganin sunan Alfindiki ma daga kalmar Larabci ya samo asali, wadda ke nufin masaukin matafiya. A wajen ganuwa kuma akwai Fagge, tsohon zangon ayarin raƙuma.

Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya ƙiyasta mazaunan birnin da kimanin 30,000, ya kuma ce a watannin rani, lokacin hada-hadar fatauci, adadin kan kai 60,000. Ma'ana, kowace shekara birnin kan sauki baƙi daidai da yawan mutanensa, ba tare da otal ko ma'aikatar gidaje ba. Tambayar ita ce, ina waɗannan mutane suke kwana?

Fatoma, soro da mai unguwa

Amsar farko ita ce gidan fatoma. Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Idan madugu ya iso da ayarinsa daga Gwanja da goro, ko daga Agadas da gishiri, kowane falke ya san gidan da zai nufa, sau da yawa gidan da ubansa ya saba sauka. Fatoma zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya samar wa dabbobinsa turke, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta idan ba ya jin Hausa, ya kuma tsaya masa idan za a yi ciniki bashi. Ba a biyan kuɗin kwana. Abin da fatoma ke samu shi ne la'ada idan an sayar da kaya. Wato amfanin mai gida yana ɗaure da jin daɗin baƙonsa, kuma idan baƙo ya yi laifi, mai masaukinsa za a fara kira.

Amsa ta biyu ita ce zaure, wanda Kanawa suka fi kira soro. Duk gidan da ya amsa sunansa yana da soro, wani biyu ko uku a jere kafin a kai cikin gida. Da rana wurin sana'a ne da karatu da karɓar gaisuwa, da dare kuma ɗakin kwanan samari da baƙi. Wanda ya shigo gari ba shi da kowa yakan nufi masallaci, bayan sallah liman ko wani dattijo ya tambaye shi daga ina, zuwa ina. Daga nan a kai shi soron mai unguwa ko na wani mai hali. Abinci ba matsala ba ne, domin al'adar ciyayya ta sa kowane gida na fitar da kwano zuwa ƙofar gida da magariba. Addini ya ƙarfafa wannan ɗabi'a, tun da ya sanya liyafar baƙo ta kwana uku, ya kuma sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutane takwas da suka cancanci zakka. Bahaushe ya taƙaita duka da cewa baƙonka annabinka.

Haka malamin allo da ya zo ci-rani da almajiransa yake samun soro a hannun attajiri ko basarake. Yaran kuma kowanne kan sami uwar ɗaki a wani gida, ya yi mata aike da ɗebo ruwa, ita kuma ta ajiye masa abinci, ta lura da shi idan ba shi da lafiya. Makafi ma suna da unguwarsu a gefen Dala, da sarkinsu mai sauke duk ɗan'uwansu da ya shigo gari.

Idan baƙo ya yanke shawarar zama, mai unguwa ke gabatar da shi ga na gaba da shi, a ba shi kango ko fili, ya kai gaisuwa, a sa shi cikin masu biyan haraji. Daga ranar ya zama ɗan gari.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Samun fili rabin aiki ne, saura gini. A nan ma magabata sun sami sauƙi ta fuska biyu. Na farko, kayan gini na kusa. Ana haƙar ƙasa a bayan unguwa, a kwaɓa da ciyawa, a yi tubali a shanya a rana. Kududdufan da suka cika birni a da ramukan wannan haƙa ne. Azara daga giginya take, gara ba ta cin ta da sauƙi. Ana shafe bango da makuba, ana kuma amfani da katsi na marina domin kare rufi daga ruwa. Wanda bai da ƙarfin soro sai ya yi ɗakin jinka, ya kewaye da dangar kara ko zana.

Na biyu shi ne aikin gayya. Magina suna da sana'arsu da sarkinsu, kuma ana biyansu, amma kwaɓa da miƙa tubali da ɗora jinka aikin dangi ne da maƙwabta. Mai gini zai sanar da rana, mata su dama fura ko kunu, a ƙauye har makaɗa kan zo su zuga samari. Wanda aka yi wa yau, gobe shi zai je ya yi wa wani. Kafin kowace damina kuma akan yi yaɓe, a gyara indararo, a fara da ɗakunan tsofaffi da na matan da mazajensu suka rasu.

Kada dai a ɗauka zamanin ba shi da aibu. Bayi da yawa sun rayu a rinji da gidajen iyayen gijinsu ba da zaɓinsu ba, kuma basarake na iya ƙwace gidan wanda ya yi fushi da shi. Amma kwana a titi saboda rashin kuɗin ɗaki bai zama ruwan dare ba.

Wannan tsari Hausawa suka tafi da shi duk inda fatauci ya kai su. Shi ya haifar da zangon Kumasi da Sabon Zango na Ankara a ƙasar Gana, da unguwar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. Masani Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969, ya bayyana yadda masu gidajen Sabo ke sauke fataken shanu da goro, kwatankwacin yadda fatoma ke yi a Kano.

Zuwan Turawa da haihuwar haya

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Dokar ƙasa ta 1910 ta mayar da ikon filayen Arewa hannun Gwamna, duk da cewa a cikin birni sarakuna suka ci gaba da rabo. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, mutane suka yi ta kwararowa. Maimakon a bar baƙi su narke cikin gari kamar da, sai aka ware kowa da wurinsa: Turawa a Nasarawa da Bompai, mutanen Kudu a Sabon Gari da aka kafa a 1913, leburori da tsofaffin sojoji 'yan Arewa kuma a Tudun Wada da Gwagwarwa. A waɗannan unguwanni ne haya ta yi ƙarfi, ɗaki ya zama haja, alaƙar mai gida da baƙo ta koma ta kuɗin wata.

Yawan jama'a kuma bai tsaya ba. Ƙidayar 1952 ta ba Kano da kewayenta kimanin mutum 130,000, ta 1963 kuwa kusan 300,000. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya koro dubban mutane daga karkara da Jamhuriyar Nijar, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya sa filaye suka yi tsada.

Yunƙurin hukuma

Gwamnatoci sun yi nasu ƙoƙari. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, gwamnatin jiha kuma ta gina rukunoni irin su Kundila. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane ga gwamnan jiha. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari (1979 zuwa 1983) ta ƙudurci gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, amma kaɗan daga ciki aka kammala. Manufar gidaje ta 1991 ta yi alƙawarin muhalli ga kowa kafin shekarar 2000, sannan a 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Tsakanin 2011 da 2015 an gina rukunonin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo.

Waɗannan ayyuka sun ƙara gidaje, sai dai yawancinsu ma'aikata da masu hali suka amfana. Ɗan dako da mai turin ruwa ba su da takardar albashi, ba su da abin jingina. Haɗarin barin irin waɗannan mutane ba mai masauki ya bayyana a Disambar 1980, lokacin rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, wanda alƙaluman hukuma suka ce ya ci rayuka 4,177. Masu bincike sun nuna cewa da yawa daga cikin mabiyansa matasa ne 'yan ci-rani da gardawa, waɗanda suka sami wurin kwana da abinci a hannunsa.

Abin da jama'a suka yi wa kansu

Mafi yawan gidajen Kano ta yau ba hukuma ta gina su ba. Talakawa ne suka sayi filayen awon igiya a hannun masu gonaki a Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Dorayi da Sheka da Rimin Kebe, suka riƙa gini ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Mata da yawa sun sayi bulo da kwanon rufi da kwasar adashi. Malaman makaranta da sauran ma'aikata sun kafa ƙungiyoyin gama-kai, su sayi gona a yanka wa mambobi, a riƙa cira daga albashi ba tare da ruwa ba. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni suka gaji aikin gayya, suna yashe magudanai, suna tayar da ɗakunan da damina ta rusa. Illar awon igiya kuwa sananniya ce: lunguna matsattsu, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba takardar mallaka.

A lokutan masifa ma gidajen jama'a ne mafaka ta farko. Haka aka gani lokacin da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a 1988. Haka kuma da rikicin Boko Haram ya raba mutane sama da miliyan 2 da muhallinsu, mafi yawansu a gidajen dangi da bayin Allah suka sauka, a Maiduguri da Yola da Kano da sauran garuruwa, ba a sansani ba. A 2003 jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi, wadda ta buɗe ƙofar mayar da gidaje da filaye wakafi domin mabuƙata.

Duk da haka soro na ɓacewa. A sababbin unguwanni get da gareji sun maye gurbinsa, a tsofaffi kuma an fasa shi an yi shaguna. Rabon gado ya daddatsa manyan gidaje, tsoron ɓata-gari ya sa ana kulle masallatai da dare. Halin da almajirai suka shiga a 2020, lokacin annobar Korona, da gwamnatocin Arewa suka riƙa kwasarsu a motoci zuwa jihohinsu na asali, ya nuna yadda yaran da a da kowanne ke da uwar ɗaki suka wayi gari ba mai cewa nasa ne.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa tanadin magabata ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku: fili mai sauƙin samu, kayan gini na gida da aikin gayya, da kuma mutumin da zai tsaya wa baƙo. Ba za a iya mayar da Kano ta yau zamanin Barth ba, amma ana iya gyara kowane dutse. Hukuma na iya tsara filaye ƙanana da talaka zai iya saya kafin awon igiya ya riga ta. Masu hali na iya yin wakafin ɗakunan kwana a kusa da kasuwanni da tashoshi, a ƙarƙashin kulawar masu unguwanni. Malamai kuma na iya tura ɗalibai su zauna da dattawan unguwa, su rubuta gidajen fatoma da sorayen da suka rage da sunayen waɗanda suka sauka a cikinsu, tun masu ba da labarin suna raye. Yaron da ya gano cewa kakansa baƙo ne da aka sauka a soron wani, zai dubi mai kwana a tasha da wani ido daban. Allah Ya sa mu dace.