Igiyar sifin

Igiyar sifin wata girgiza ce da ke ratsa abubuwa masu maganaɗisu, kamar ƙarfe, nikel da kobalt. Ba ƙwayoyin zarra ne ke tafiya ba, karkatar ƙananan maganaɗisun da ke cikinsu ce ke yaɗuwa daga ɗaya zuwa na kusa da shi. Mafi ƙanƙantar kason makamashin wannan igiya shi ake kira magnon.

Yadda take faruwa

Kowane ilektiron yana da wata siffa da ake kira sifin, wadda ke mayar da shi tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu mai fuskantar wani ɓangare. A cikin ƙarfe, akwai ƙarfin da ke sa sifin maƙwabta su fuskanci waje guda. Idan zafi ko wani maganaɗisu na waje ya karkatar da ɗaya, ba ya kifewa gaba ɗaya, domin hakan na cin makamashi mai yawa. Sai dai ya riƙa kewayawa a karkace, kamar yadda katantanwa ke layi idan yara sun murza ta. Wannan layin yana jan na kusa da shi, shi ma ya ja na gaba bayan ɗan jinkiri. Haka igiyar ke tafiya, kamar iska a gonar gero: kowane kara yana nan inda yake, kaɗawar ce ke wucewa.

Alaƙarta da zafi

Duk magnon ɗin da aka samar yana rage ƙarfin maganaɗisun abu kaɗan, kuma yawansu na ƙaruwa da ƙaruwar zafi. Shi ya sa maganaɗisu ke raunana idan ya ɗumama. Ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa na dindindin a wajen digiri 770 na ma'aunin Salsiyas.

Tarihi

Felix Bloch, masanin fiziks haifaffen Suwizalan, shi ya fara bayanin igiyar sifin a 1930. Theodore Holstein da Henry Primakoff sun faɗaɗa lissafin a 1940, sai Freeman Dyson a 1956. A 1957 Bertram Brockhouse ya auna igiyar kai tsaye a Chalk River da ke Kanada, ta hanyar harba niyutiron kan ma'adanin magnetayit. Ya samu kyautar Nobel a 1994 saboda ƙirƙiro wannan hanyar awo.

Amfani

Na'urorin kwamfuta suna zafi ne saboda ilektiron na gogayya yayin da suke gudu cikin waya. Igiyar sifin kuwa tana iya ɗaukar saƙo ba tare da ilektiron sun bar wurinsu ba, har cikin abin da lantarki ba ya ratsa shi. Wannan ne ya haifar da fannin magnoniks, mai neman ƙera na'urori masu ƙarancin cin wuta. Babbar matsalar ita ce igiyar na saurin mutuwa a yawancin ƙarafa. Don haka masu bincike suka fi amfani da wani lu'ulu'u mai suna YIG, haɗin itiriyam, ƙarfe da iskar oksijin, wanda igiyar ke yin nisa a cikinsa kafin ta dushe.