Dogari da Zabiya: Muhawarar da Ta Ƙi Ƙarewa Tun 1992

Ranar 25 ga Nuwamba, 1992, kamfanin Warner Bros. ya saki fim ɗin The Bodyguard a sinimomin Amurka. Kafin mako ya zagayo, yawancin masu sharhin fina-finai na manyan jaridu sun yanke masa hukunci: labarin ba shi da ƙashi, soyayyar ba ta da zafi, jarumar kuma mawaƙiya ce da aka tura aikin da ba nata ba. Jama'a suka ji, suka ci gaba da bin layin tikiti. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 25 ya tara kusan dala miliyan 411 a faɗin duniya, kuma a fina-finan shekarar babu wanda ya fi shi kawo kuɗi sai Aladdin.

Da yawa daga cikinmu ba mu yi wayo ba a lokacin. A faifan CD muka riske shi, ko a tashoshin tauraron ɗan'adam, wasunmu ma waƙarsa suka fara ji a rediyo shekaru kafin su san akwai fim a bayanta. Amma saɓanin da ya ɓarke a wancan lokaci tsakanin masana da 'yan kallo har yau yana nan, kuma ya cancanci mu bi sawunsa, domin yana nuna mana abin da mutane ke ɗauka daga gida su tafi da shi gidan kallo.

Labarin ya girmi fim ɗin da shekara 17. Lawrence Kasdan ya rubuta shi a wajajen 1975, tun yana aikin rubuta tallace-tallace, yana hango jarumi Steve McQueen a matsayin dogarin. An so a haɗa shi da mawaƙiya Diana Ross, abin bai yiwu ba. Aka sake gwadawa da Ryan O'Neal, nan ma ya wargaje. McQueen ya rasu a 1980, Kasdan ya yi suna da rubuta wasu fina-finan irin su Raiders of the Lost Ark, rubutun dogari kuwa ya ci gaba da shan ƙura. Sai da Kevin Costner, wanda tauraruwarsa ke haskawa bayan Dances with Wolves ya kwashi kyaututtukan Oscar a 1991, ya ce yana so, sannan aka kakkaɓe shi. Mick Jackson, ɗan Ingila, shi ya ba da umarni. Costner ya kafe cewa Whitney Houston yake so, duk da ba ta taɓa jan fim ba, ya kuma yarda a ɗaga aikin har sai ta samu sarari.

A cikin shekarun da rubutun ya yi a ajiye, Amurka ta sauya. Ranar 8 ga Disamba, 1980, wani mutum da John Lennon ya sanya wa hannu a kan faifai da yamma ya harbe shi da dare a ƙofar gidansa a New York. Ranar 30 ga Maris, 1981, John Hinckley ya harbi Shugaba Ronald Reagan don kawai ya burge jaruma Jodie Foster, wadda ya daɗe yana damunta da wasiƙu. Ranar 18 ga Yuli, 1989, wani da ya shekara uku yana bibiyar matashiyar jaruma Rebecca Schaeffer ya buga ƙofarta a Los Angeles, ta buɗe, ya kashe ta. Adireshinta ya samo ta hannun wani mai bincike da ya ciro shi daga rajistar ofishin lasisin mota. Bayan wannan kisa, a 1990 jihar Kalifoniya ta zama ta farko a Amurka da ta mayar da bibiyar mutum da tsoratar da shi laifi a doka. Saboda haka abin da a 1975 zai yi kama da ƙirƙirar marubuci, a 1992 labari ne da kowa ya sha gani a talabijin. Mai sharhi ya zauna yana auna tsarin labari, ɗan kallo kuwa ya zo da tsoron da ya riga ya sani.

Ga wanda bai gani ba, ga yadda abin yake. Rachel Marron mawaƙiya ce kuma jaruma, tana da ɗa guda, Fletcher. Wasiƙun barazana suna ta zuwa, mutanenta suna ɓoye mata. Manajanta ya ɗauko Frank Farmer, tsohon jami'in tsaron shugaban ƙasa, mutum mai ƙarancin magana, wanda har yanzu yake cizon yatsa don ba ya bakin aiki ranar da aka harbi Reagan. Ita ta tsani a takura mata, shi ya tsani sakaci. Suka yi ta karo har suka kamu da son juna, sai Frank ya ja da baya, yana ganin wanda zuciyarsa ta shiga ba zai iya gadi da ido biyu ba. Daga baya gaskiya ta fito: mai rubuta wasiƙun daban, mai neman ranta daban. 'Yar'uwarta Nicki ce hassada ta ci, ta biya a kashe ta, kuma makashin tsohon abokin aikin Frank ne. Da ɗan gari akan ci gari. A wajen bikin Oscar, makashin ya ɓoye bindiga cikin kyamara, Frank ya yi tsalle ya tare harsashin da jikinsa. Ya rayu, amma a filin jirgi suka yi sallama, kowa ya kama gabansa.

Masu sharhi ba su yi ƙarya ba a duk abin da suka faɗa. Akwai wuraren da labarin ke ɗingishi, musamman yadda aka warware batun makashin, kuma fuskar Costner a ɗaure take daga farko har ƙarshe, har askinsa, wanda ya yi don tunawa da McQueen, sai da ya zama abin zolaya. Masu kyautar Golden Raspberry, waɗanda ke zaɓen fina-finan da suka fi muni a shekara, sun saka shi a rukuni bakwai, har da na fim mafi muni. Amma ko a cikinsu ba a taru an zama ɗaya ba: Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times ya ba shi tauraro uku cikin huɗu.

Su ma 'yan kallo ba rana ɗaya suka rungume shi ba. Kamfanin CinemaScore, wanda ke raba wa mutane kati a daren farko su ba fim maki, ya samu B+, wato an ji daɗi amma ba a haukace ba. A makon farko na uku ya zo, bayan Home Alone 2 da Aladdin. Abin da ya ɗaga shi baki ne: wadda ta gani ta gaya wa ƙawarta, waƙar tana ta kaɗawa a rediyo, mako yana bin mako sinima ba ta bushe ba. Fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin da ya samu kuwa daga wajen Amurka suka fito, daga mutanen da sharhin jaridun New York bai dame su ba.

Abu na farko da 'yan kallo suka yi ta muhawara a kai shi ne abin da fim ɗin ya ƙi furtawa. Rachel baƙar fata ce, Frank farar fata, kuma babu inda wani ya ɗaga maganar. Sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin da suka hana aure tsakanin baƙi da fari a wasu jihohi. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup, kashi 4 cikin 100 ne suka amince da irin wannan aure a 1958, kuma a 1991 adadin bai wuce kashi 48 ba. Wata bakwai kafin fitowar fim ɗin, Los Angeles ta kama da wuta bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka. A irin wannan yanayi, wasu sun ga shirun fim ɗin a matsayin tsoro, suna nuni da hoton tallarsa, inda Frank ke ɗauke da mace amma ba a ganin fuskarta. Shekaru bayan haka Costner ya bayyana cewa ba Whitney ba ce a hoton, mai tsaya mata ce, domin ita ta riga ta tafi gida. Wasu kuma, musamman mata baƙaƙen fata, shirun ne ya yi musu daɗi. Sun saba ganin irinsu a fim a matsayin 'yar aiki ko ƙawar jaruma, yau ga tasu ita ce mai gida, ita ce mai kuɗi, ita ke biyan albashi, ita ce kuma ranta ya kai a mutu dominsa. Duk ɓangarorin biyu fim ɗaya suka kalla.

Na biyu shi ne ƙarshen labarin. Akwai waɗanda har yau ba su yafe rabuwar ba, suna cewa bayan duk wannan wahala ai sai a bar su su yi aure. Wasu na ganin rabuwar ce ta ba fim ɗin nauyi, domin rayuwar Rachel ta fitilu ce da taron jama'a, ta Frank kuwa ta tsayawa a bayan labule. Mu da muka sha kallon fina-finan Indiya mun san ɗaya hanyar. Idan aka ce Bodyguard a majalisarmu, da yawa na Salman Khan da Kareena Kapoor za su fara tunawa, wanda ya fito a 2011 lokacin ƙaramar sallah. Labarinsa daban ne, darakta Siddique ya fara yin sa da harshen Malayalam a 2010, kuma yarinyar 'yar wani mai ƙarfi ce, ba mawaƙiya ba. Amma tambayar ɗaya ce: mai gadi zai iya son wadda aka ba shi amana? Indiyawa suka ja rai na shekaru sannan suka haɗa masoyan. Amurkawa suka raba su. Wanda ya fi so a cikin biyun yakan nuna abin da mutum yake nema a labarin soyayya, ko sakayya ko gaskiya mai ɗaci.

Na uku ita ce waƙa, kuma a nan ko masu suka sun sauke kai. Dolly Parton ce ta rubuta I Will Always Love You a 1973, ta sallama ce ga Porter Wagoner, abokin aikinta da za ta bari. Ba ita aka shirya sakawa ba. Sai da aka ga wani fim na 1991, Fried Green Tomatoes, ya riga ya yi amfani da waƙar da aka zaɓa, sannan Costner ya kawo shawararta, ya kuma nace a bar Whitney ta fara rerawa ba kiɗa. Waƙar ta yi mako 14 a saman jadawalin Billboard. Kundin waƙoƙin fim ɗin ya sayar da kwafi fiye da miliyan 45, babu kundin fim da ya taɓa kai shi, ya kuma ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 1994. Wasu waƙoƙi biyu daga ciki, I Have Nothing da Run to You, sun shiga takarar Oscar. Masu suka na cewa waƙa ce ta ɗauki fim a kafaɗa. Masoyansa na amsawa cewa waƙar rabuwa ba za ta huda zuciya haka ba in da ba a nuna rabuwar ba.

Sannan lokaci ya shigo da nasa ra'ayin. A Maris 1995, shugabar ƙungiyar masoyan mawaƙiya Selena ce ta harbe ta a Texas, abin da ya tabbatar da darasin fim ɗin cewa haɗari yakan kwana a cikin gida. Ranar 11 ga Fabrairu, 2012, aka tsinci gawar Whitney Houston a ɗakinta na otal ɗin Beverly Hilton, tana da shekara 48, ana gobe bikin Grammy. Binciken likitoci ya ce nutsewa ta yi a bahon wanka, tare da ciwon zuciya da hodar iblis a jikinta. Mako guda bayan haka Costner ya tsaya a cocin New Hope da ke Newark, inda ta fara waƙa tana yarinya, ya ba da labarin yadda tsoro ya kama ta ranar gwajin fim ɗin, tana shakkar ko ta isa. A wani fim na tarihin rayuwarta da ya fito a 2017, wanda ya yi mata aikin dogari na gaske ya ce ya rubuta rahoto yana gargaɗi kan halin da take ciki, sakamakon da ya samu shi ne sallama daga aiki. Tun daga nan, duk mai kallon Rachel tana faɗa da masu son kare ta, da wuya ya raba ta da Whitney. Fim ɗin bai sauya ko daƙiƙa ɗaya ba, masu kallonsa ne suka san abin da ba su sani ba a da.

Mu masu rubuta manhaja mun san yadda ake dafa lambobin da ke ƙarƙashin sunan fim a wayoyinmu. Rotten Tomatoes yana mayar da kowane sharhi, komai tsawonsa, zuwa e ko a'a, sannan ya fitar da kaso, kuma na The Bodyguard a wajen masu sharhi bai kai rabi ba. A IMDb yana da shida da ɗoriya cikin goma. Lissafin daidai ne, amma matsakaici yana haɗiye bambanci: wadda ta ba shi goma don ta ga kanta a allo, da wanda ya ba shi biyu don labarin ya yi masa rauni, in aka haɗa aka raba sai a samu shida, makin da babu ɗayansu da ya bayar. Kafin mu bar lamba ta zaɓa mana abin da za mu kalla daren Juma'a, yana da kyau mu tambayi su wa suka jefa ƙuri'ar, a wace shekara, kuma me suka shigo da shi a zuciya. Game da wannan fim dai, amsar tana farawa ne daga ƙofar wani gida a New York a 1980, ta bi ta titunan Los Angeles a 1992, ta ƙare a wani coci a Newark.