Tallafin da Ya Ɗore: Waiwaye a Kan Shirin Yaƙi da Makantar Kogi a Afirka ta Yamma, 1974–2002

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi tarihin shirin yaƙi da cutar makantar kogi a Afirka ta Yamma, wanda aka fi sani da OCP, domin gano abin da ya sa amfaninsa ya ɗore bayan an rufe shi. Maƙalar ta nuna cewa an auna wa'adin shirin da faɗinsa a kan yanayin cutar kanta, sannan aka miƙa aikin ga ƙasashe da al'ummomin da abin ya shafa. Ta kuma fito da wuraren da shirin ya gaza.

1.0 Gabatarwa

A ranar 30 ga Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da makantar kogi. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi, kuma ta biyar a duniya bayan Kolombiya da Ekwado da Meziko da Gwatamala. A shekarar ce kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, wato USAID, wadda ke cikin manyan masu ɗaukar nauyin rabon magungunan irin waɗannan cututtuka. Haɗuwar al'amuran biyu ta sake tayar da tsohuwar tambaya: wane irin tallafi ne ke barin amfani bayan mai bayarwa ya janye hannunsa? Tarihin shirin OCP yana ɗauke da amsa wadda ta cancanci nazari.

2.0 Cutar da Ta Kori Manoma Daga Bakin Ruwa

Wata tsutsa ce ke haddasa makantar kogi, baƙin ƙuda kuma shi ke yaɗa ta ta hanyar cizo. Ƙudan yana hayayyafa ne a wuraren da ruwan kogi ke gudu da ƙarfi. Uwar tsutsar takan zauna a ƙarƙashin fatar mutum kimanin shekara 14 tana haifar miliyoyin 'ya'ya, waɗanda ke jawo matsanancin ƙaiƙayi da lalacewar fata, daga bisani su kai ga ido. A ƙauyukan da cutar ta fi tsanani, mutum ɗaya cikin goma ko fiye makaho ne, kuma akasarinsu magidanta ne masu jini a jika.

Illar ba ta tsaya ga lafiya ba. A 1966 masanin labarin ƙasa John Hunter ya bayyana yadda mutanen Nangodi da ke arewacin Gana ke gudu daga bakin kogi saboda makanta, yunwa ta sake koro su, cutar kuma ta sake korar su. Haka lamarin yake a mafi yawan kwarin kogin Bolta: fadamu masu albarka sun zama kufai, jama'a kuma sun cunkushe a tudu suna noma ƙasar da ta gaji.

3.0 Kafuwar Shirin

An tattauna yiwuwar yaƙar cutar a wani taro da aka yi a Tunis a 1968. Lamarin ya samu ƙarfi bayan shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya ziyarci ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau a 1972, lokacin farin Sahel, ya ga yara suna yi wa iyayensu makafi jagora. A 1974 aka ƙaddamar da shirin da ƙasashe bakwai: Benin, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Gana, Mali, Nijar da Togo, aka kafa hedikwatarsa a Wagadugu. Hukumomi huɗu ne suka tsaya masa: Hukumar Lafiya ta Duniya, Bankin Duniya, Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona.

A lokacin babu maganin da za a iya raba wa jama'a ba tare da haɗari ba, don haka aka tunkari ƙudan. Daga 1975 ƙananan jirage da masu saukar ungulu suka riƙa zuba maganin ƙwari a koguna kowane mako, domin 'ya'yan ƙudan sukan girma cikin kwana goma ko ƙasa da haka.

4.0 Abubuwan da Suka Bambanta Shirin

Abu na farko shi ne wa'adi. Tun da uwar tsutsar na rayuwa kimanin shekara 14, dole a hana yaɗuwar cutar har tsutsotsin da ke jikin mutane su mutu da kansu. Saboda haka tun farko aka tsara shirin a kan shekara 20. Wato rayuwar tsutsa ce ta yanke wa'adin tallafin, saɓanin yadda aka saba, inda kasafin kuɗin mai bayarwa ke ƙayyade aiki ga shekara uku ko biyar. Da an tsaya a shekara ta biyar, da duk abin da aka kashe ya tafi a banza.

Na biyu shi ne tsarin kuɗi. Ƙasashe da hukumomi masu bayarwa sun zuba gudummawarsu a asusu guda da Bankin Duniya ke riƙewa, kuma alkawarin yakan shafi zango na kimanin shekara shida. Wannan ya hana kowane mai bayarwa ya keɓe nasa kogi ko ya gindaya nasa sharaɗi. Wakilan ƙasashen da ake aiki a cikinsu suna zama da masu bayarwa a kwamiti ɗaya kowace shekara domin bitar sakamako.

Na uku shi ne faɗin aikin. Ba da daɗewa ba aka gano cewa iska tana kwaso ƙuda daga nisan ɗaruruwan kilomita zuwa kogunan da aka riga aka tsabtace. Tun da ƙuda bai san iyakar ƙasa ba, a 1986 aka faɗaɗa shirin zuwa Gini da Gini Bisau da Senegal da Saliyo, ƙasashe suka zama 11.

Na huɗu shi ne sanya bincike a cikin aikin tun daga tushe. A 1980 aka lura cewa ƙudan kogin Bandama a Kwaddibuwa ya daina mutuwa da maganin temefos, wanda aka dogara da shi. Irin wannan turjiya na cikin abubuwan da suka durƙusar da yunƙurin kawar da zazzaɓin cizon sauro na shekarun 1950 da 1960. Amma da yake shirin yana da masu bincike nasa, sai aka koma juya magunguna daban-daban, ciki har da wanda ake samarwa daga wata ƙwayar bakteriya. An kuma kafa kwamitin masana mai zaman kansa da ke lura da kifaye da sauran halittun ruwa.

5.0 Daga Jirgin Sama Zuwa Hannun Mutanen Ƙauye

A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin ibamektin, mai sunan kasuwa Mectizan, kyauta har iya lokacin da ake buƙatarsa. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar amma ba ya kashe uwar, don haka sai an sha shi sau ɗaya ko biyu a shekara na tsawon shekaru. Ayarin ma'aikatan lafiya masu yawo da motoci ya yi tsada, bai kuma isa ko'ina ba. Bincike ya nuna cewa idan al'umma ta zaɓi masu rabo daga cikinta, ta tsayar da lokaci da wurin rabon, magani ya fi kaiwa ga jama'a. A kan wannan dabara aka gina shirin APOC a 1995, wanda ya haɗa ƙasashe 19, ciki har da Nijeriya da Kamaru da Cadi da Sudan.

Miƙa aikin ya shafi shugabanci ma. Likita ɗan Gambiya, Ebrahim Samba, ya jagoranci OCP daga 1980 zuwa 1994, kuma an horar da ɗaruruwan 'yan Afirka a fannonin ƙwari da ido da bin diddigin cututtuka. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Waɗannan ma'aikata su ne suka riƙe aikin bayan baƙin ƙwararru sun tafi. Lokacin da aka rufe shirin a Disamba 2002, an kashe fiye da dala miliyan 500. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna an kare mutum 600,000 daga makanta, an kuma 'yanto kadada miliyan 25 ta ƙasar noma.

6.0 Inda Shirin Ya Gaza

Korar ƙuda ta fi raba ƙasa sauƙi. A Burkina Faso an kafa hukuma a 1974 domin tsugunar da manoma a kwarin Bolta bisa tsari, amma waɗanda suka kwararo da kansu sun zarce waɗanda aka tsugunar. Rashin fayyace haƙƙin mallaka ya haifar da saɓani tsakanin baƙi da masu ƙasa na asali da makiyaya, sare dazuka kuma ya ƙaru. Irin haɗin kan da aka samu wajen yaƙar cutar ba a same shi ba wajen raya ƙasar da aka 'yanto.

Haka kuma yaƙin basasar Saliyo na 1991 zuwa 2002 ya tsayar da aikin a can. A kwarin kogin Komowe na Burkina Faso cutar ta sake ɓullowa bayan rufe shirin, har aka koma rabon magani. Wannan ya tabbatar da cewa nasarar tana buƙatar sa ido na dindindin, wanda nauyinsa ya koma kan ma'aikatun lafiya masu ƙarancin kuɗi.

7.0 Kammalawa

Yarjejeniyar Paris ta 2005 a kan ingancin tallafi ta jaddada cewa ƙasar da ake tallafa wa ta mallaki aikin, masu bayarwa su haɗa kai, a kuma auna sakamako. Shirin OCP ya fara aiki da mafi yawan waɗannan ƙa'idoji shekara 30 kafin a rubuta su. Ya kuma ƙara da wadda yarjejeniyar ba ta ba muhimmanci ba, wato wa'adin da ya yi daidai da girman matsalar. Tsakanin ƙaddamar da shirin da shaidar da Nijar ta samu akwai shekara 51. Ga ƙasashen da har yanzu ke rabon magani, katsewar 'yan shekaru na iya ba tsutsar damar dawowa. Don haka ya wajaba gwamnatocinsu su sanya kuɗin rabo da na sa ido a kasafinsu na cikin gida, masu bayarwa kuma su tsara janyewarsu bisa sakamakon gwaje-gwajen da ke nuna yaɗuwar cutar ta tsaya.