Shin Yin Shiri Don Gobe Ya Saɓa Wa Tawakkali?

Tambaya: Ni ɗan Dareta ne a ƙaramar hukumar Anka, sana'ata haƙar zinare. Idan na hana a kawo dutsen ma'adini gida saboda yara, sai abokaina su ce ina shiga gaibu, wanda kwanansa ya ƙare sai ya tafi. Mene ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kai ne a kan daidai. Al'amarin gobe kashi uku ne.

Na farko, abin da Allah kaɗai ya sani, kamar ajali. Wannan shi ne gaibu, nemansa wajen boka ko ɗan duba haramun ne. Naka a nan addu'a ce da miƙa wuya.

Na biyu, abin da aka san sababinsa. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ciki har da Dareta da 'Yargalma ta Bukkuyum. Dalili shi ne dutsen zinaren yana ɗauke da dalma, ana daka shi ana niƙawa a cikin gida, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara ke wasa a kai suna kaiwa baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wanda ya san haka ya maimaita, ya yi sakaci da amanar 'ya'yansa. Malaman Malikiyya suna kiran toshe irin wannan ƙofa sadduz zari'a. Don haka a sarrafa dutse a wajen gari, ka yi wanka ka sauya tufafi kafin ka shiga gida, turmin abinci kuma kada ya taɓa shi.

Na uku, abin da kan iya zuwa ko ya ƙi, kamar ƙafewar rami ko faɗuwar farashi. Nan tanadi ake yi. Annabi Yusuf (AS) ya tsara ajiyar hatsin shekara bakwai na yalwa domin bakwai na fari. Kada ka saki gona saboda rami.

Ka tuna Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya bayyana cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Riƙo da sababi aikin gaɓoɓi ne, tawakkali aikin zuciya, musulmi yana haɗa su biyun.

Allah ne mafi sani.