Harafin da Ido Ba Ya Gani: Gadon Tafireta a Cikin Kwamfuta

Ma'aikacin fasaha zai buɗe editan rubutu a kwamfutarsa mai Windows, ya tsara jerin umarnin da yake so sabar ofis ta riƙa aiwatarwa kowane dare, misali adana kwafin bayanan albashi. Ya karanta sau uku, bai ga kuskure ba. Da fayil ɗin ya isa sabar da ke aiki da Linux, sai ta ƙi shi, ta ce ba ta san manhajar da aka ce ta fassara umarnin ba. In ba a ankara ba, a wayi gari babu kwafin komai. Sau da yawa mai laifin harafi ne guda da ido ba ya gani, wanda ya girmi Windows da Linux baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa bugu da tafireta ya san abu biyu ake yi a ƙarshen layi: a koma bakin takarda na hagu, a kuma murza takardar ta hau sama. Na'urorin teletayif, masu aika rubutu ta waya, sun mayar da waɗannan motsi umarni biyu daban. Da aka fitar da tsarin haruffa na ASCII a Amurka a 1963, komawa farkon layi ya samu lamba 13, ana kiransa CR, sauka sabon layi kuma lamba 10, wato LF. Jerin nasu ma yana da dalili. Na'urar Teletype Model 33 tana buga haruffa goma a daƙiƙa, kan bugunta kuwa ba ya gama komawa hagu a lokacin harafi ɗaya. Saboda haka ake fara aika CR, sannan LF ya biyo, kan ya samu sararin isa.

Da kwamfutoci suka gaji tsarin, sai hanya ta rabu uku. Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969, ta bi sawun Multics ta wadatu da LF kaɗai. CP/M ta Gary Kildall ta riƙe CR da LF tare, MS-DOS ta ɗauko hakan a 1981, Windows ta gada daga gare ta. Macintosh ta 1984 kuwa ta zaɓi CR shi kaɗai.

A duniyar Unix, edita da shel, wato manhajar da ke karɓar umarni ta aiwatar, tare suka taso. Tsohon edita ed yana barin mai rubutu ya sa alamar ! ya ba da umarni ba tare da ya fita ba, kuma vi na Bill Joy ya gaji dabarar. Shel ɗin Stephen Bourne ya fito a 1979. A 1980 Ritchie ya ƙara ƙa'idar da ake bi har yau: idan fayil ya fara da #! to abin da ya biyo baya shi ne adireshin mai fassara umarnin, kamar /bin/sh.

A nan gizo ke saƙar. Linux tana karanta wannan layi har sai ta ci karo da LF. Idan editan Windows ya riga ya saƙa CR a gabansa, sai ta ɗauke shi a matsayin harafin ƙarshe na sunan, ta shiga neman manhajar da babu ita. Alamar ^M da kan fito a saƙon kuskuren CR ɗin nan ne, domin M ce ta goma sha uku a haruffan Turanci.

An daɗe kafin a sasanta. Apple ta koma LF a 2001 da Mac OS X, wadda aka gina a kan tushen Unix. Microsoft ta buɗe ƙofar gudanar da Linux a cikin Windows a 2016, Notepad kuma sai a 2018 ya koyi nuna fayil mai LF kaɗai yadda ya kamata. Duk da haka CR bai yi ritaya ba. Tsofaffin manhajojin Windows suna sa ran ganinsa, ƙa'idojin aika imel da na buɗe shafukan intanet ma sun tanadi haruffan biyu tare. Ga kuma wani bambancin: editan zamani ba shi ke aiwatar da umarni ba, miƙawa yake ga shel ɗin da ya tarar, PowerShell ko cmd a Windows, zsh a Mac tun 2019, bash a yawancin Linux, kuma kowanne da nahawunsa.

Maganin bai kai tarihin tsawo ba. A ƙasan tagar Visual Studio Code akwai wurin da ke nuna CRLF ko LF, ana danna shi a zaɓi wanda ake so. Umarnin dos2unix yana share CR daga fayil, Git kuma ana iya saita shi ya daidaita ƙarshen layi ga duk masu aiki tare. Kafin a tura jerin umarni zuwa saba, a duba wannan kusurwa tukuna.